Katin ɗaura wa kyautar Kirsimeti mai kama da na da: shayi ne sirrin ko tawada?

Maman_Godiya:
Barkanmu da war haka 'yan gida. Tambayata ga masu aikin takarda ce. Zumuntar Mata ta cocinmu za ta raba kyaututtuka ga gwauraye da marayu a makon Kirsimeti, an kuma ɗora mini yin 'yan katunan nan da ake ɗaurawa a wuyan ƙunshi, waɗanda ake rubuta "Daga" da "Zuwa ga" a jiki. Irin masu kama da na zamanin da nake so, ruwan ƙasa-ƙasa, gefen ya ɗan yi duhu, da zare a rataye. Duk wanda na gani a shafin hotuna na Pinterest cikin shayi yake tsoma takardarsa. Ni kuwa a ganina shayi ba ya sa takarda ta tsufa, datti kawai yake sa mata, ga ta ta bushe ta lanƙwashe kamar kilishi. Akwai wanda shayin nan ya taɓa yi wa aiki tsakani da Allah? Ko dole sai an sayi tawadar waje?

Ladi_Kafanchan:
Mama wace irin takarda kuka sa? Daga nan maganar take farawa.

Maman_Godiya:
Farar takardar fotokwafi ce 'yata, ita ke gare ni da yawa.

Ladi_Kafanchan:
To ai shayin bai yi laifi ba Mama. Takardar fotokwafi nauyinta giram 80 ne, ba ta da jikin da za ta sha ruwa ta tsaya. Ku nemi kwali mai nauyin 250 zuwa 300 wurin masu buga katin biki, kuma kada ku ɗauki mai sheƙi, ruwa ba ya shigarsa. In an samu mai ruwan madara ya fi fari fat. Sannan a jiƙa gaba da baya duka. Takarda in ta sha ruwa ɓangare ɗaya, wannan ɓangaren ne ke kumbura ya bar ɗayan, shi ke kawo lanƙwasa. Idan ta kusa bushewa, tana da ɗan sanyi-sanyi, a sa ta tsakanin tsummoki biyu masu tsabta a bi da dutsen guga, a danne da littattafai ta kwana.

Bulus_Firinta:
Ladi ta faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya daga mai sana'ar ɗab'i: kowane kwali yana da hanyar da zarensa ya kwanta. Ku ɗan tanƙwara shi ta tsaye, ku tanƙwara ta kwance, ɓangaren da ya fi saurin biyuwa nan ne zaren ya bi. A yanka katin yadda tsawonsa zai bi zaren. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su yi ta zagin gam da ruwa.

Game da awo, in kun yanka santimita 5 da 10, A4 ɗaya zai ba ku kati 10. Wanda Amurkawa suka fi yin ado a kai babba ne, suna ce masa lamba 8, inci 6 da kwata a tsaye, inci 3 da ɗan ɗoriya a kwance. Wannan ya yi wa ƙunshin atamfa ko sabulu girma.

Saratu_Manchester:
Anti ni dai tawada nake amfani da ita, Distress Ink ta kamfanin Ranger, akwai kalar da ake kira Vintage Photo da wata Walnut Stain mai duhu. Ana dangwala ɗan soso a zagaya bakin katin a hankali daga waje zuwa ciki. Ba jiƙa, ba jira, ba guga. Amma fa na san kuɗinta in an juya zuwa naira ba abin da za a ce wa Zumuntar Mata ta saya ba ne.

Hajiya_Kwalliya:
Salamu alaikum. Ni ba Kirsimeti nake yi ba amma sana'ata ce, ina yin na kayan biki da na goron Sallah, kuma a watan 12 makwabtana da kwastomomina na Sabon Gari su ke riƙe ni. Maman Godiya, abin da Saratu ta faɗa ana yinsa ba tare da tawadar waje ba. Ki dama Nescafe cokali ɗaya da ruwa kaɗan ya yi kauri, ki yanki soson katifa ɗan ƙarami, ki dangwala, ki fara gogewa a wata takarda har ya kusa bushewa, sannan ki bi bakin katin. Sirrin shi ne soson ya zama kusan busasshe. Shayi na jiki ne, kofi na baki. In kika haɗa biyun za ki ga bambanci.

Kada dai ki kuskura ki ɗauko mai haɗe da madara da sukari. Kiyashi zai riga marayun buɗe kyautar.

Ladi_Kafanchan:
Hajiya kin kashe ni da dariya. Wallahi haka ne.

Malam_Tarihi_Wusasa:
Ku ba tsohon malamin makaranta wuri ya sa baki. Kafin a yi gardamar shayi, ya kamata a san me ake kwaikwayo, domin abu biyu ne daban aka haɗa a katin nan.

Siffarsa, wato kusurwa biyu da aka datse da huda a tsakiya, ba ta Kirsimeti ba ce ko kaɗan. Katin ɗaura wa kaya ne na jirgin ƙasa da na ruwa. Matsalarsa a da ita ce igiya tana yaga hudar, kaya su ɓace. A 1863 kamfanin Dennison na Amurka ya yi rajistar dabarar manna ɗan zoben takarda mai kauri a bakin hudar, gaba da baya. Zoben nan ruwan ƙasa da kuke gani shi ne. Ruwan ɗorawa-ɗorawan katin kuma na takardar manila ne, wadda asalinta da tsofaffin igiyoyin jirgin ruwa ake yinta, na zaren wata shuka dangin ayaba daga Filifin. Wato tun tana sabuwa haka kalarta take, ba tsufa ba ne. Sai a farkon shekarun 1900 kamfanin ya shiga buga irinsa da adon Kirsimeti.

Hotunan kuma daga katin gaisuwa suka zo. Na farko da aka buga don sayarwa a Landan ne, 1843. Henry Cole ya sa aka yi, John Callcott Horsley ya zana, aka buga 1,000 ana sayar da kowanne sule guda. Hoton iyali ne a teburi suna shan ruwan inabi har da ƙaramin yaro, masu yaƙi da shan giya suka yi ta suka. A Amurka kuwa wani Bajamushe mai suna Louis Prang, a Boston, shi ya yaɗa su daga 1875. Kowace kala da dutsen bugunta, wani katin sai ya bi ta kan dutse fiye da 20.

Abin da nake son ku lura: katunan Prang da ire-irensu kalarsu tana da haske ƙwarai, ja ja ne, shuɗi shuɗi ne. Wannan ruwan ƙasa da ake kira tsohon yayi yau, ɗanɗanon mutanen yanzu ne.

Bulus_Firinta:
Baba kun gama magana. Ni ma abin da ke ba ni haushi ke nan, a ɗauki hoto mai kyau a dulmiya a kofi har ba a gane fuskar mala'ika.

Saratu_Manchester:
Baba gaskiya ne. A kasuwannin tsofaffin kaya na nan ana samun katunan zamanin Sarauniya Biktoriya, kuma yawancinsu bayan ne ya yi rawaya da ɗigo-ɗigon tsatsa, gaban yana nan da kalarsa. Wasu ma gefensu leshi ne na takarda ko gezar siliki. Kuma tsuntsun nan mai jan ƙirji da ke kan kusan kowane kati, an ce saboda masu raba wasiƙa na lokacin jar riga suke sawa, har ana kiransu da sunan tsuntsun.

Wani abu da tsofaffin matan Ingila ke yi har gobe: ba sa zubar da katunan gaisuwar bara. A watan 1 sai su yanke hoton da almakashi mai haƙora, irin na teloli, su huda, su sa zare, su ajiye sai baɗi. Anti in akwai tsofaffin katuna a akwati, rabin aikin ya ƙare.

Maman_Godiya:
Ikon Allah. Akwai kuwa, cike da wata jakar mai gidana, tun na shekarun da ake aiko su ta gidan waya. Sai dai ban san ko zai yarda a sa musu almakashi ba.

Yakubu_Jos:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Me ya haɗa gwauruwa a Kafanchan ko Zonkwa da dusar ƙanƙara da barewar da ke jan keken Baba Kirsimeti? In tsohon yayi ake so, ai mu ma muna da da. Kirsimetin da na tashi na gani shinkafa ce da miya ana kai wa makwabta a kwanon samira, sabon ɗinki, 'yan mata da kitso, ƙurar hunturu, mata na zaga gari da waƙa. Ba wanda ya taɓa ganin ganyen holi, irin na katunan Turawa, a garinmu. Kullum sai mu kwafo tsufan wasu mu bar namu.

Rifkatu_Zane:
Yaya Yakubu na yarda da kai rabi. Ni bara na bar dusar ƙanƙara gaba ɗaya. Na yi amfani da ƙyallen tsohuwar atamfa, na yanka tauraro na manna, ƙasa kuma tsohon kan sarki na Najeriya da hatimin gidan waya a kai. Wasu na ɗaura musu wuri guda ɗaya a zaren. Sun fi na hotunan Turawa tafiya nesa ba kusa ba. Amma akwai masu zuwa su ce su fa mai jan tsuntsu da ƙararrawa suke so, shi ne Kirsimeti a idonsu, domin irin katin da 'yan mishan da 'yan'uwa na birni suke aiko musu ke nan suna yara. To wannan ma ai tunawa da da ne. Ba zan ce wa tsohuwa abin da ta tuna ba nata ba ne.

Yakubu_Jos:
Na ji wannan. Amma a riƙa ba mutane zaɓi, kada ya zama duk tebur ƙanƙara ce.

Malam_Tarihi_Wusasa:
Rifkatu, in kina neman abin ratayawa na da, nemi tsohon kwabo mai huda ko anini. Kwabo da aninin Afirka ta Yamma na zamanin Ingilishi da hudarsu suka zo, haka kwabon Najeriya na 1959, har aka canza zuwa naira a 1973. Zare yana shiga ba sai an huda ba. Sai dai yana da nauyi, katin ya zama mai kauri.

Rifkatu_Zane:
Na gode Baba. Masu sayar da kayan tarihi sun gano darajarsu yanzu, ba a samunsu da araha. Ɗaya ko biyu dai don na musamman.

Talatu_Bauchi:
Ni abin da ya fi burge ni a hotunan da nake gani shi ne wanda ake manna takardar waƙa a baya, mai layukan kiɗa. Akwai tsohon littafin waƙoƙin coci a gidanmu duk ya yayyage, da wani tsohon Littafi Mai Tsarki da gara ta ci rabinsa. Na ce ko in yanko wurin labarin haihuwa a Luka sura 2 in manna?

Mama_Asabe:
A'a 'yata. Kada ki fara. Katin nan ƙarshensa ina? Yaro ya fizge ya yar, a share a kai bola, ko a kunna wuta da shi. Maganar Allah ba abin yin kwalliyar ƙunshi ba ce. In ya tsufa a ajiye shi da mutunci.

Yakubu_Jos:
Mama da girmamawa, ai kalandar coci ma da ayoyi a jiki, kuma ƙarshenta ƙunshin ƙosai. Takardar tsarin sujada fa da ake rabawa kowace Lahadi?

Mama_Asabe:
Don ana yi ba shi ya sa ya zama daidai ba ɗana. Kuma buga aya a kalanda daban, sa wa Littafi almakashi daban.

Hajiya_Kwalliya:
Ban so shiga wannan ba tunda ba ɓangarena ba ne, amma a wurinmu ko kati na biki ba na yarda in sa aya, saboda dalilin da Mama ta faɗa. "Barka da Sallah" ko "Allah ya ba da zaman lafiya" ya wadatar. Na Kirsimeti ma "Barka da Kirsimeti" nake bugawa sai in mai shi ya kawo nasa rubutun.

Malam_Tarihi_Wusasa:
Talatu, ko an ajiye maganar ibada gefe, duba shekarar da aka buga littattafan nan kafin ki taɓa su. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 ya fara fitowa, kuma tsofaffin bugu ba su da yawa a hannun mutane yanzu. Wanda gara ta ci rabinsa ma yana da masu nema. Littafin waƙoƙin kuma ki kai a yi miki fotokwafin shafin da kike so, ki rina kwafin, asalin ya zauna lafiya.

Talatu_Bauchi:
To Baba, to Mama. Fotokwafin waƙa zan yi, Littafin kuma na bar shi.

Bulus_Firinta:
Tunda an zo maganar fotokwafi, ga abin da zai cece ku daga kuka. Injin fotokwafi da firinta mai leza garin tawada suke narkawa da zafi ya manne, ruwa ba ya wanke shi, don haka za a iya bugawa sannan a tsoma a shayi. Ƙaramar firintar gida mai tawadar ruwa kuwa, kina tsomawa rubutun zai narke ya bi ruwa. Da irin wannan sai a fara rina takardar, ta bushe sarai, a goge ta miƙe, sannan a buga. Kuma wanda aka buga da leza kada a ɗora masa dutsen guga kai tsaye, rubutun zai tashi ya manne a ƙarfen. A kifa shi a kan farar takarda a goga ta baya.

Masu neman hotuna, ɗakin karatu na birnin New York ya sa tsofaffin katunan gaisuwa masu yawa a intanet, waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kyauta ake saukewa. Ya fi a sato zanen wata baiwar Allah da ke sayarwa a Etsy, kasuwar kayan hannu ta intanet.

Dan_Gashuwa:
Ina karantawa tun ɗazu ban ga wanda ya yi maganar gam ba. Ku mutanen birni kun manta da ƙaro. Nan Yobe da Borno da Jigawa ake tsintarsa a jikin dakwara, Sudan kuma ita ce kan gaba a duniya. Shi ne gam ɗin da ke bayan kan sarki na da, wanda ake lasa a manna, shi ne kuma malamai ke sawa a tawadar allo. A daka, a jiƙa ɗaya da ruwan ɗumi biyu ya kwana, a tace da tsumma. Ga takarda marar nauyi ba abin da ya kai shi tsabta, kuma in an shafa siriri a kan hoto yana ba shi ɗan sheƙi irin na tsofaffin hotunan da ake mannawa.

Ladi_Kafanchan:
Ƙaro yana da kyau ga hoto da kan sarki, amma ba ya riƙe maɓalli ko leshi, in ya bushe ƙarau yake ya ɓalle, balle da hunturu. Waɗannan sai farin gam irin Top Bond, ko UHU. Ni farin gam nake ɗan sirkawa da ruwa in shafa da buroshi siriri. In an labta da yawa takarda za ta yi ƙuraje.

Talatu_Bauchi:
Kokon sitaci fa? Shi muke yi a makaranta.

Ladi_Kafanchan:
Yana mannewa sosai, amma kyankyaso na sonsa. In za a raba cikin mako guda ba damuwa. In na ajiya ne a'a.

Rifkatu_Zane:
Wata dabara kan lanƙwasa da ba a faɗa ba: duk abin da kika manna a gaba, manna wata takarda mai irin nauyinsa a baya. Gam yana jan takarda in yana bushewa, to sai su ja juna su daidaita. Bayan ma dama wurin rubuta suna ne, sai ki sa takarda mai haske.

Huda kuma, ba sai kin sayi na'ura ba. Masu gyaran takalmi da masu ɗinkin jaka suna da abin huda da 'yan zobban ƙarfe na igiyar takalmi. Ki kai musu katunan a jere su buga miki. Masu ruwan tagulla sun fi dacewa da wannan aiki. In kuma zoben takarda kike so irin wanda Baba ya ba da labari, ambulan ruwan ƙasa za ki yanka ƙananan da'ira ki manna kafin a huda.

Gideon_ABU:
Bari ɗalibin kimiyya ya koma kan tambayar Mama ta farko, domin an yi nisa. Tsohuwar takarda tana yin rawaya ne saboda wani sinadari na itace da ake kira lignin, wanda iska da haske ke canza masa kala. Shi ya sa jarida ke yin ja cikin 'yan kwanaki a rana, takardar da aka yi da tsumman auduga kuwa ta daɗe ba ta canza ba. Kuma daga gefe abin yake farawa, inda iska ta fi taɓawa, ya shiga ciki a hankali. Shayi rini ne kawai, yana kwanciya ko'ina daidai, ko ya taru wuri guda ya bar shacin ruwa. To ido ya san bambancin tsufa da zubewar shayi ko mai idon bai san dalili ba. Don haka Mama ba ta yi kuskure ba da ta ce datti take gani. Gyaran shi ne jiki ya zama mai haske ƙwarai, gefe ya fi duhu, kamar yadda Hajiya ta ce.

Wani abu: shayi yana da ɗan tsami, kuma tsami ke cin takarda a tsawon shekaru. Ga katin da za a yar bayan Kirsimeti ba komai. Amma kada a manna hoton iyali na asali a kai.

Dan_Gashuwa:
Ɗalibi, bagaruwa fa? Majema da ita suke jima, kuma in ta haɗu da ƙarfe baƙi take bayarwa.

Gideon_ABU:
Sinadari iri ɗaya ne da na shayi Yaya, sai dai ya fi ƙarfi a bagaruwa. In aka jiƙa ƙusa mai tsatsa a ruwan tsami aka ɗiga a kan takardar da ta sha shayi ko bagaruwa, take za ta koma toka-toka zuwa baƙi. Irin tawadar da Turawa suka yi ƙarnoni suna rubutu da ita ke nan, kuma an san tana cin takarda. Ɗigo kaɗan don ɗigo-ɗigon tsufa ya isa. Ɓawon albasa in an tafasa yana ba da ruwan zinariya mai kyau. Zoɓo kuma zai yaudare ku: ja ne a kofi, amma a kan yawancin takardun yanzu sai ya bushe ya koma shuɗi-shuɗi ko toka, kuma rana na kashe shi da wuri.

Hajiya_Kwalliya:
Ɓawon albasan nan shi ne nawa na ɓoye, ka tona ni. Ya fi shayi haske, ba ya yin wannan duhun mai kama da datti. Goro ma ana daka shi a jiƙa, amma jansa yana da yawa, sai an sirka.

Yakubu_Jos:
Ba wanda ya ambaci ƙona gefe da kyandir. Mu da haka muke yi.

Bulus_Firinta:
Don Allah a'a. Wannan taswirar 'yan fashin teku ce ta fim, ba katin da ba ne. Wane tsohon kati ka taɓa gani da gefe a ƙone in ba gobara aka yi ba? Abin da shekaru ke yi wa kati shi ne kusurwa ta dakushe, gefe ya yi laushi. Samfefa mai laushi ko bakin almakashi a kankare gefen kaɗan, shi ke nan. Ga hunturu, ga takarda, ga yara a gida, ga kyandir.

Saratu_Manchester:
Ni har yanzu ina nan kan bakata, in da hali tawada ta fi. Kala ɗaya take fitowa a kati na farko da na ƙarshe. Shayi kuwa tukunyar yau daban ta gobe daban.

Rifkatu_Zane:
Ai wannan bambancin shi ake saya Saratu. In duk iri ɗaya ake so sai a je wurin Oga Bulus ya buga a inji.

Bulus_Firinta:
Ƙofa a buɗe take, amma a zo kafin 10 ga wata, bayan nan kalanda da katin aure ba sa barin mu numfashi.

Maman_Godiya:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya saka. Na samo kwali mai ruwan madara, na gwada shayi marar ƙarfi a wasu, ɓawon albasa a wasu, na bi gefen da kofi. Na albasan sun fi yi mini kyau. Na shayin sun miƙe wannan karon, amma har yanzu idona bai gama yarda da su ba. Mai gida ya ba da katunan da ba a yi rubutu mai yawa a ciki ba, sauran ya ce a bar masa kayansa.

Ladi_Kafanchan:
Mama ku ƙara wa shayin lokaci kaɗan ku gani, kuma baƙin shayi zalla, ba mai kayan ƙamshi ba. Ni dai ban bar shi ba.

Mama_Asabe:
Ku dai ku tabbata an rubuta sunan kowace gwauruwa daidai, da manyan baƙaƙe yadda za ta iya karantawa ko jikanta ya karanta mata. Wasunsu idon ya yi rauni, rubutu ruwan ƙasa a kan takarda ruwan ƙasa ba za su gani ba.

Bulus_Firinta:
Mama ta taɓo wani abu. Takardar da ta sha ruwa ta rasa abin da ke hana tawada bazuwa, don haka maka da alƙalami mai tawadar ruwa za su yi gashi-gashi a kai. Baƙin biro na yau da kullum shi ne lafiya. A gwada a kan guntun da aka yanke tukuna.

Talatu_Bauchi:
Zaren fa, wanne kuke sawa? Na ga wani fari da ja a murɗe amma ban samu a kasuwarmu ba.

Rifkatu_Zane:
Murɗa shi za ki yi da kanki. Zaren saƙa fari da ja, ki ɗaure bakinsu a ƙusa, ki yi ta murzawa har ya yi tauri, ki ninka biyu ki sake shi ya naɗe kansa. In kuma katin ya riga ya yi ado da yawa, siririyar igiyar rama ta fi, ko zaren buhu. Tsawon santimita 30 yana isa ƙunshin atamfa, na robar mai kuwa sai kin ƙara.